Darasin Wannan Fitowa: Tohon Farkon Damina, Wanda Ake Ci da Wanda Ake Bari



Ruwan farko ya sauka a Ƙala'at an-Nahal. Baƙar ƙasar nan da ta tsattsage duk tsawon rani ta fara haɗe bakinta. Nan da 'yan kwanaki gindin duwatsu, gefen hanya da bayan tantuna za su yi kore shar. A daidai wannan lokaci ne kuma abinci ke ƙaranci. Hatsin bara ya kusa ƙarewa, farashi ya hau a kasuwa, taɓo yana tsare motoci a hanya. Riɗi ba zai nuna ba sai wajen Oktoba, dawa kuwa sai bayansa.

Mun san da yawanku za su fita neman ganye, kuma ba mu hana ba. Ganyen farkon damina abinci ne na gaske, shi ya riƙe iyayenmu da kakanninmu a shekarun wahala. Sai dai akwai wata matsala da muke so kowane gida ya fahimta. Lokacin da toho ya fi laushi da daɗi, a lokacin ne ya fi wuyar ganewa, domin bai yi fure ba, bai yi 'ya'ya ba. Ƙaramin tsiro mai amfani da ƙaramin tsiro mai guba sukan yi kama. Yawancinmu kuma baƙi ne a wannan daji. Wasu sun zo daga Khartum bayan ɓarkewar yaƙi a ranar 15 ga Afrilu 2023, wasu daga Wad Madani a Disamba 2023, wasu daga Sinja da Dindir a tsakiyar 2024. Akwai yara a cikinmu da ba su taɓa ganin lalo ba sai a ɗaure a kasuwa.

A ƙarshen wannan darasi muna so kowane gida ya iya amsa tambayoyi huɗu: wane ganye ake ci, wanne ake bari, daga ina ake tsinkowa, kuma yaya ake dafawa da adanawa.

1. Darasi daga wata ƙasa mai nisa

Ba mu kaɗai ke jiran tohon farko ba. A gabashin Kanada da arewa maso gabashin Amurka, idan ƙanƙara ta narke wajen Afrilu da Mayu, mutane kan bi bakin koguna suna neman tohon wani tsiro mai son inuwa da danshi, wanda Larabawa ke kira sarkhas. Tohon yana fitowa daga ƙasa a nannaɗe kamar wutsiyar hawainiya, sa'an nan ya riƙa warwarewa a hankali har ya zama dogon ganye. Ana cinsa ne tun yana nannaɗe. Da zarar ya warware, lokacinsa ya wuce. Duka-duka makonni kaɗan ne a shekara. A Japan, Koriya da tsaunukan Nefal ma ana cin tohon wasu danginsa.

Abin lura shi ne yadda suke bi da shi. A 1994 mutane da dama a jihar New York da yammacin Kanada sun kamu da amai da gudawa bayan sun ci wannan toho ɗanye ko bai dahu sosai ba. Yanzu hukumar lafiya ta Kanada tana ba da shawarar a wanke shi da kyau, a tafasa shi minti 15, a zubar da ruwan. Mutanen Japan kuwa suna jiƙa nasu nau'in a ruwan zafi da toka kafin su ci, domin yana ɗauke da guba.

Wannan tsiro ba shi ne abincin yankinmu ba. Mun kawo labarinsa ne domin ku ga cewa ko a ƙasashen da abinci ya wadata, dokar tohon daji ɗaya ce: a san shi da suna, a tsinke shi a kan lokaci, a dafa shi yadda ya kamata.

2. Amfanin ganye ga jiki

Rabon abincin agaji yawanci hatsi ne, da wake ko adas, da mai, da gishiri. Yana cika ciki, yana ba da ƙarfi, amma akwai abubuwan da jiki ke bukata waɗanda suka yi ƙaranci a cikinsa. Koren ganye yana taimakawa wajen cike wannan giɓi.

Yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai kare ido da taimaka wa yaro ya jure kyanda da gudawa. Alamar farko ta rashinsa ita ce dundumi, wato mutum ya kasa gani da zarar magariba ta yi. Yana kuma ɗauke da sinadarin ƙarfe da wasu abubuwa masu ƙara jini, waɗanda mai ciki da mai shayarwa suka fi kowa bukata. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana. Mun san a halin da muke ciki wannan da wuya, amma ko tafin hannu biyu na dafaffen ganye a miya ya fi babu.

Sai dai kada mu ɗora wa ganye nauyin da ba nasa ba. Ganye ba ya maye gurbin tuwo, kisra ko kunu. Yaron da aka cika wa ciki da zallar ganye zai ci gaba da ramewa. Mahaɗi ne na hatsi, da gyaɗa, da wake, da mai.

3. Ganyayen da aka sani ana ci

Mun haɗa sunan Hausa da na Larabcin Sudan domin ku iya tambayar maƙwabtanku 'yan gari. Sunaye kan bambanta daga wuri zuwa wuri, don haka kada ku dogara ga suna kawai. Ku nuna tsiron kansa.

Tafasa, da Larabci kawal. Kowane reshen ganye yana da 'yan ganyaye shida, uku a kowane gefe suna fuskantar juna. Bakinsu a zagaye yake, ba tsini. Da yamma sukan rufe kamar an haɗa tafin hannu. Ana tsinkar kan tohon ne tun kafin ya yi fure. 'Ya'yanta ba abin ci ba ne.

Lalo, da Larabci khudra ko mulukhiya. Gefen ganyen yana da ƙananan haƙora kamar zarto, kuma a gindin ganyen akwai 'yan siraran gashi biyu, ɗaya a kowane gefe. Idan aka murza shi da ɗan ruwa yana yauƙi. Ku kula: ƙwayar irin lalo tana da guba mai taɓa zuciya. Ganye kawai za a figa, a tsince duk wani kwanso da ya biyo.

Gasaya, da Larabci tamalaika. Ganyenta a rabe yake kamar yatsun hannu, yawanci biyar. Karanta yana ɗan danƙo, tana da ƙanshi mai ƙarfi da ɗan ɗaci.

Zaki-banza ko rukuɓu, dangin alayyafo, wanda wasu ke kira lisan aɗ-ɗair. Yana son jibji da tsohon garke, shi ya sa dole a lura da wurin da aka samo shi.

Fasa-ƙaba, da Larabci rijla. Tana shimfiɗa a ƙasa, karanta ja-ja ne mai ruwa, ganyenta ƙanana masu kauri. Wanda ke fama da tsakuwar ƙoda ya rage cinta.

Molaita. Mutanen Sudan sun saba cinta ɗanya da niƙaƙƙiyar gyaɗa, wadda a nan ake kira dakwa. A wannan lokaci muna roƙon ku riƙa tsoma ta a tafasasshen ruwa tukuna. Za mu faɗi dalili a gaba.

Sai tohon itatuwa: kuka wato tabaldi, tsamiya wato aradeb, aduwa wato hijlij, da zogale. Haka nan ganyen wake, rama, yakuwa da kabewa, ga wanda ya samu ɗan wurin shuka.

4. Tsire-tsiren da za a bari

Zaƙami, wanda ake kira haukata-yaro, da Larabci sakaran. Idan ya girma ba ya ɓuya: farin fure mai kama da kakaki, da ɗa mai ƙaya kamar girman ƙwai. Amma yana ƙarami ganyensa kan yi kama da na gauta, kuma yana fitowa a jibji, a tsakiyar zaki-banza. Idan aka murza ganyen yana wari. Dukkan jikinsa guba ne, daga saiwa har iri, kuma dafuwa ba ta kashe gubar.

Rai-ɗore, da Larabci soreb. Ɗan'uwan tafasa ne, kuma sau da yawa tare suke tsirowa. Bambancinsu: 'yan ganyayen rai-ɗore suna da tsini a baki, sun fi na tafasa yawa, yawanci huɗu ko biyar a kowane gefe, kuma suna da wari. Mun san wasu na amfani da shi a maganin gargajiya, amma kada a sa shi a tukunyar abinci. A jihar Uttar Pradesh ta Indiya, likitoci sun wallafa bincike a 2007 da ya danganta mutuwar ƙananan yara da cin 'ya'yan wannan tsiro, wanda ya lalata musu hanta da ƙwaƙwalwa. Yaran da abin ya shafa yawancinsu 'ya'yan talakawa ne da ke tsinka suna ci a wurin wasa.

Filasko, da Larabci sanamakka. Shi ma dangin tafasa ne. Yana sa zawo mai tsanani, wanda ke da haɗari ga yaro, mai ciki da tsoho.

Tumfafiya, da Larabci ushar. Farin ruwanta yana ƙona baki, yana iya lalata ido. Idan ya shiga ido a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta, a tafi asibiti.

Zurma, da Larabci khirwi. 'Ya'yanta masu zane-zane suna jan hankalin yara, kuma tauna 'yan ƙwayoyi kaɗan na iya kisa.

Ƙaramar dawa da gyauronta. Wannan zai ba wasu mamaki, tunda dawa ce abincinmu. Amma tsironta yana ƙarami yana ɗauke da guba mai ƙarfi, wadda ke raguwa idan ya girma. Manoma da makiyaya sun san yana kashe dabba cikin ɗan lokaci. Kada yara su tauna shi, kuma a tsare awaki.

Akwai maganganu uku da muke ji a sansani waɗanda ba gaskiya ba ne.

Na farko, wai duk abin da akuya ko tsuntsu ya ci mutum ma zai iya ci. Cikin dabba daban yake da na mutum.

Na biyu, wai ɗaci ne alamar guba. Gasaya da molaita suna da ɗaci kuma ana cinsu, wasu masu guba kuwa ba su da wani ɗaci da zai gargaɗe ka.

Na uku, wai idan an tafasa komai ya zama lafiya. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, tana rage gubar wasu tsire-tsire, amma ba ta yi wa zaƙami komai.

Ana cewa sai an gwada akan san na ƙwarai. Ban da ganyen daji. Wanda ba ku sani ba, ku bar shi a inda kuka gan shi.

5. Wa za mu tambaya?

Matambayi ba ya ɓata. Ƙala'at an-Nahal ta daɗe tana karɓar baƙi. Wajen 1970 an zaunar da dubban 'yan gudun hijira daga Iritiriya a ƙauyukan wannan yanki, suka koyi ƙasar, suka noma dawa da riɗi. Kafin su kuma, Hausawa da sauran mutanen yamma da suka biyo hanyar Makka sun kafa garuruwa a ƙasar Gadarif da bakin kogin Rahad. Tsofaffin matan waɗannan garuruwa sun san ganyen nan tun yana da kunne biyu.

A cikin sansani ma akwai masana. Iyayenmu da suka tashi a karkarar Sinnar, Kurdufan ko Darfur sun san abin da 'yan birni ba su sani ba. Shawararmu ita ce kowane rukunin tantuna ya nemi dattijuwa ɗaya ko biyu da za su raka masu fita a karon farko. Idan an dawo, a baje ganyen a faifai a gabansu, a duba shi ɗaya bayan ɗaya kafin ya shiga tukunya. Kada a aiki yaro shi kaɗai neman ganye, kuma duk abin da yaro ya kawo sai babba ya tsince shi.

6. Inda ake tsinka da inda ba a tsinka

Ganye mai kyau daga wuri mara kyau cuta ne. An ayyana ɓarkewar kwalara a jihar Gadarif a Satumba 2023, ta sake dawowa a daminar 2024. Ruwan sama yana kwaso ƙazanta daga masai da bayan gari, ya kai ta kan ganyen da ke kwance a ƙasa. Wannan ne dalilin da muka ce a daina cin ɗanyen ganye a yanzu.

Kada a tsinka kusa da masai, jibji, makwararar ruwan wanka, ko inda ruwa ya kwanta.

Kada a tsinka a cikin manyan gonakin tarakta ko gefensu. Ana fesa musu maganin ciyawa a farkon damina, kuma ba kullum ake ganin alama ba. Idan kun ga ganye ya murɗe ko ya yi ɗorawa alhali ƙasa da danshi, ku wuce.

Kada a shiga gonar mutum sai da izininsa. Sallama da tambaya ba su cin kuɗi, kuma su ne ke tsare zaman lafiyarmu da masu masaukinmu. Mai gona ne kuma zai gaya muku ko ya yi feshi.

A fita da safe, a dawo kafin la'asar sakaliya. Ƙasar Gadarif tana fama da cutar kala'azar. Wani ɗan ƙuda ne da bai kai sauro girma ba yake yaɗa ta. Yana cizo daga faɗuwar rana zuwa dare, ya fi yawa a ƙarshen rani da farkon damina, a wuraren da dushe da aduwa suka yi yawa a kan ƙasa mai tsagewa. Cutar kan ɗauki watanni kafin ta bayyana. Zazzaɓin da ya wuce mako biyu, tare da rama da kumburin saifa, a kai shi asibiti a yi gwaji. Tana da magani, amma idan aka bar ta tana kisa.

A sa takalmi, a riƙe sanda, a buga ciyawa kafin a sa hannu. Ruwa yana fito da macizai da kunamu daga ramukansu. Idan maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau. A cire zobe ko awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti.

Mata da 'yan mata su fita a ƙungiya, su faɗa wa na gida inda suka nufa. Duk wadda aka tsare ko aka ci zarafinta a hanya, ma'aikatanmu mata suna nan, kuma maganar za ta tsaya tsakaninsu.

Waɗanda ke shirin komawa garuruwan da aka yi faɗa, ku riƙe wannan: ciyawar damina tana rufe harsasai da abubuwan fashewa da yaƙi ya bari. Ku bi hanyar da mutane ke bi kawai. Ƙarfen da ba ku sani ba kada ku taɓa, ku sanar da hukuma.

A ƙarshe, a tsinki kan toho, kada a tumɓuke da saiwa. Tsiron da aka tsinke wa kai yana sake toho cikin kwanaki. Idan kuma ana figar kuka ko aduwa, kada a sare reshe. Mu da yawa ne, dajin ɗaya ne.

7. Wankewa da dafawa

A wanke hannu da sabulu kafin a fara. A tsince ganyen a wuri mai haske, a fitar da duk baƙon ganye, kwanso da ƙwaro. A wanke shi da ruwan da aka sa wa maganin tsabtace ruwa, tun kafin a yanka.

Ganye mai laushi irin lalo, zaki-banza da rijla ba ya bukatar doguwar dafuwa. A zuba shi a miyar da ke tafasa, a rufe tukunya, a bar shi ya dahu. Yankawa ƙanana da rufe tukunya suna rage cin itace.

Ganye mai ɗaci ko ƙarfi irin tafasa, gasaya da tohon aduwa, a tafasa shi har ya yi laushi, a zubar da ruwan farko, sa'an nan a haɗa. Wanda ya samu ganyen rogo, ya daka shi, ya tafasa shi sosai a buɗaɗɗiyar tukunya. Ba a cinsa ɗanye ko kaɗan.

Masu yin kwaɗo su lura da wani kuskure da ake yawan yi. Ana tafasa ganye lafiya lau, sai a ɗauraye shi da ruwan da ba a tsabtace ba domin ya huce, ko a matse shi da hannun da ba a wanke ba. Duk wahalar dafuwa ta tafi a banza. A bar shi ya huce a rufe, a sake wanke hannu kafin a matse.

A sa ɗan mai, ƙuli-ƙuli, dakwa ko riɗi, domin sai da maiƙo jiki ke iya ɗaukar bitamin A daga ganye. Matsa lemun tsami a lokacin ci yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe. Shayi kuwa yana rage shi, don haka a jinkirta shayi kamar awa guda bayan abinci, musamman ga mai ciki. Kanwa, wadda a nan ake kira aɗrun, tana sa ganye laushi da wuri amma tana lalata wasu bitamin. A sa 'yar kaɗan, ko a haƙura da ita.

Abincin da ya kwana a sake tafasa shi sosai kafin a ci.

8. Ƙananan yara

Jariri daga haihuwa zuwa wata 6 nonon uwa kawai yake bukata, ba ruwa, ba jiƙo. Daga wata 6 a ci gaba da nono, a fara ba shi kunu mai kauri. A dama masa cokali ɗaya ko biyu na dafaffen ganye da aka niƙa lukui, da ɗan mai ko gyaɗa. A fara da ganyen da aka saba da shi, irin lalo, zogale, kuka ko alayyafo.

Ku riƙa kawo yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 awon damtse. Idan ma'auni ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafu biyu sun kumbura, tamowa ce mai tsanani. Wannan yaro ganye ba zai warkar da shi ba. Yana bukatar abincin magani na musamman, kuma a ranar za a kawo shi.

9. Idan an ci abin da bai kamata ba

Alamomin zaƙami su ne bushewar baki, zafin jiki ba gumi, buɗewar ƙwayar ido, sambatu da fizge-fizge. Kada a ɗauka iska ce a tsaya ana hayaƙi. Sauran alamomin guba sun haɗa da amai ba tsayawa, ciwon ciki mai tsanani, yawan barci, farfaɗiya, ko idanu su yi ɗorawa.

Kada a sa wa mutum yatsa a maƙogwaro. Kada a ɗura masa madara, mai ko ruwan gishiri. Idan ya suma a kwantar da shi ta gefe. A kawo shi asibiti nan take, tare da ragowar abincin ko tsiron da ake zargi, da duk wanda ya ci daga kwano ɗaya ko da bai nuna alama ba tukuna.

Idan gudawa ce kamar ruwan shinkafa, a fara ba da ruwan gishiri da sukari tun daga gida, ana tafiya ana sha. Idan babu na fakiti, a haɗa lita 1 ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri, a shafe, ba tozo.

10. Ajiya saboda rani

Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Ganyen da ake takawa a marka shi za a nema da kuɗi a watan Maris.

Shanya: a tsoma wankakken ganye a tafasasshen ruwa minti 2 zuwa 3, a tsane, a baza shi a tabarma a kan abu mai tudu, a inuwa mai iska, a rufe da siririn mayafi saboda ƙuda. Rana mai zafi tana cinye koren da amfaninsa. Ya bushe idan ya ruguje a hannu. A zuba a abu mai murfi, nesa da danshi. Wanda ya yi fumfuna a zubar. Ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba, ya fi dacewa da shanya mai yawa.

Kawal: wannan ita ce daddawar mutanen Darfur, daga ganyen tafasa. Ana daka ɗanyen ganyen, a cusa a tulu, a rufe da ganyen dawa, a liƙe baki, a binne tulun a inuwa. Duk bayan kwana 3 a buɗe a juya. Bayan kamar mako 2 a cura shi ƙanana, a shanya 'yan kwanaki. Farfesa Hamid Dirar na Jami'ar Khartum, wanda ya wallafa littafi kan irin waɗannan abinci na Sudan a 1993, ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na busasshen kawal sinadarin gina jiki ne, shi ya sa ake sa shi a miya a madadin nama. Yana cikin abubuwan da suka taimaki mutanen yamma a yunwar 1984 zuwa 1985. Mai son koyo ta zauna da wadda ta iya, domin hannu ne ke koyar da shi.

Shuka: buhun da ya huje, a cika shi da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a ajiye a gefen tanti nesa da masai. Alayyafo kan isa tsinka cikin mako 3 zuwa 4, lalo kuwa wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi. Ganyen da kuka shuka da hannunku kun san sunansa, kun san ruwan da ya sha. A ƙarshen damina a bar 'yan tushe su yi iri, a adana inda yara ba za su kai ba.

Tambayoyin bita

Ku zauna da iyali bayan abincin dare, wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran.

1. Ta yaya ake bambance tafasa da rai-ɗore?
2. Wane ɓangare na lalo ne ba a ci?
3. Faɗi wurare uku da ba a tsinkar ganye.
4. Me ya sa ake sa mai ko gyaɗa a ganye?
5. Yaro ya dawo daga wasa yana sambatu, bakinsa a bushe. Me za a yi, me ba za a yi ba?
6. Wace dattijuwa ce a kusa da ku za ta duba ganyenku a wannan mako?

Idan kun samu tsiron da kuke shakka a kansa, ku kawo shi da karansa da ganyensa wurin ma'aikatan abinci mai gina jiki a asibitin sansani, mu duba tare da dattawan da suka san dajin. Kafin a samu amsa, kada ya shiga tukunya.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.